Mai Jego da Kunun Firij

Tun ranar da na sauka daga mota a tashar Haɗeja ban huta da tambaya ba. Wadda ta zo sayen ƙuli sai ta tsaya, wadda ta zo awon man gyaɗa sai ta jawo kujera. Falmata kuwa, aminiyata tun muna 'yan mata, kullum da la'asar tana nan: yaya Gana, yaya Balki, yaya jariri, me ya sa na dawo fuska a murtuke kamar wadda aka koro. To ba koro ni aka yi ba. Amma da rai a ɓace na dawo, wannan kam gaskiya ne, kuma na gaji da ba da labarin guntu-guntu ina tsaka da matsar tunkuza. Ga shi nan gaba ɗaya, kowa ta ji ta ƙyale ni.

Balki dai kun san ta, Bilkisu, autata. Mijinta Mumuni ɗan zango ne, unguwar Hausawan Akra, jikan fataken goro, a makaranta suka haɗu a Kano. Da ta samu ciki na fari na fara shiri irin na kowace uwa: na tara itace, na sayi babbar tukunyar wanka, na ajiye gero, ina jiran wata na bakwai ta dawo gida. Sai ga waya. Shi ne ya kira, ba ita ba. Ya gaishe ni cikin ladabi, sannan ya ce likita ya ce Balki tana da hawan jini, ba a yarda ta yi doguwar tafiya ba, a can za ta haihu. Na ce hawan jini a yarinyar da jiya-jiya nake yi mata kitso? Ya ce haka awo ya nuna. Na kashe wayar ina huci. Mu nan mun san yadda mace take ƙarewa idan ba a yi mata jego a haihuwar fari ba: sanyi ya shige ta, jiki ya saki, ta yi ta fama da ciwo har tsufa. Ban haifi 'yar da za a lalata min a ƙasar wasu ba. Tunda ba za ta zo ba, ni zan je.

Ƙanena ya yi min zirga-zirgar fasfo da katin rigakafi, amma kafin su fito har ta haihu. Na ɗaure kayana: garin kunu, yajin jego, daddawa, kuka, busasshen ganyen runhu na wanka, bandar tarwaɗa ta kogin nan namu kwali guda, da gyaɗar da na soya na niƙa da hannuna a roba. Sai jar kanwa mai kyau, curi uku, wadda Falmata ta sa aka kawo min daga Nguru.

Ƙarshen damina ne, ruwa ya yanke hanyar Gujungu, dole muka zaga ta Malam Madori da Gumel kafin mu ga Kano. Direban nan, Allah ya shirye shi, ya ɗora jarkar fetur a kan ƙullin kukata. Da muka sauka na sansana, kuka ta koma abin hura wuta. Na yi masa magana, ya ce ai ba a rubuta kuka a jikin ƙullin ba. Ban san lokacin da na wanke shi tas a tsakiyar tasha ba, har shugaban 'yan kamasho ya zo yana ba ni haƙuri. Kukar dai a Kano na bar ta.

A babbar motar Legas Allah ya haɗa ni kujera da wata mai fataucin goro, Hajiya Ladi, 'yar Agege, mace mai jiki da murya. Ta dinga kirana Hajiya, na ce mata ban je Makka ba tukuna, ta ce a mota kowa Hajiya ce. Hanyar Gana a tafin hannunta take, kuma can za ta, sai ta ce in bi ta. Ba don ita ba da yanzu ina can wata boda ina zagin mutane da Hausa suna rama min da Faransanci.

A gidan ƙanwarta muka sauka a Agege. Gida ɗaya, ɗakuna a jere kamar shagunan kasuwa, kowane ɗaki iyali guda, ba tsakar gida, ba zaure, banɗaki sai an bi layi da bokiti a hannu. Maza da mata layi ɗaya! Aka kawo min wani tuwo baƙi mai santsi da miya ja wur, manja yana yawo a kai. Na ci loma biyu don kada a ce na raina, na koma na jiƙa ƙulina da ruwa. Mutanen kirki ne, ba zan ci amanarsu ba, matar gidan a tabarma ta kwana ta bar min katifa.

Daga Legas zuwa Akra boda uku ce. A kowacce sai an sauka, a bi layi, a buga hatimi, a sake hawa. A ɗaya daga ciki, ban ma riƙe ko ta biyu ce ko ta uku ba, wani mai kaki, ban san na wace hukuma ba ne, ya sa aka zazzage min kaya a kan tebur. Ya ɗaga ganyen runhu, ya ajiye. Ya buɗe kwalin kifi, idonsa ya yi haske. Sannan ya ɗauki curin kanwa, ya juya, ya sansana, ya lasa, ya tofar, ya kira abokinsa suka yi ta yare.

Hajiya Ladi ta ce, "Wai yana tambaya wannan dutsen mene ne."

Na ce, "Ce masa kanwa ce. Uwarsa ba ta sha ba da ta haife shi?"

"Wannan kam ba zan faɗa masa ba, Hajiya, so kike mu kwana a nan?"

Suka ce dutsen ba zai tsallaka ba sai an kai shi awo, kifin ma sai an duba lafiyarsa. Duba lafiyar kifin da ya sha hayaƙi kwana uku! Hajiya Ladi ta taso musu da masifa a kan kifin, ta tara musu jama'a, ni kuma da na ga hankalinsu ya koma can, na zare curi biyu na tura a ƙuguna, na ƙara ɗaure zani. Rabin kifin ya tafi duba lafiya, har yau bai dawo ba. Kanwar kuwa ta haɗu da gumi ta dinga cin fatata har muka isa, sai da ta yi min ɗan gyambo. Ina jin zafin ina murna, wai na yi wa 'yata jihadi.

Mumuni ya tarye ni a tasha, ya durƙusa har ƙasa, ya ɗauki kayana da kansa. Gidansu bene ne, hawa na uku. An yi suna da kwana uku na isa. Yaron an sa masa Haruna, sunan marigayi maigidana, da aka miƙo min shi na ce, to angona, ka dawo ke nan. Nan kam na yi kuka, na manta da hanya. Amma da na ɗago na dubi uwar, sai kukan ya tsaya. Mai jego ta kwana goma, ga ta da 'yar riga shara-shara, ba ɗankwali, ba safa, fanka tana kaɗawa a kanta. Kafin in zauna sai da na nemo makunnin na kashe.

Washegari da safe ina zaune ina lazimi, na ga surukina ya fito ya shiga kicin. Na kawar da kai don kunya. Ya buɗe firij, ya ɗauko wata kwalba mai faɗin baki, cike da wani abu ruwan ƙasa mai kauri, jikin kwalbar har raɓa yake yi don sanyi. Ya yayyanka ayaba a kai, ya soka cokali, ya miƙa wa Balki. Ita kuma ta karɓa ta fara ci, jariri a cinya.

Na ce, "Balki, mene ne wannan?"

"Karin kumallo ne, Inna."

"Daga firij?"

Shi ya amsa, yana murmushi: "Inna, ot ne, hatsin Turawa. Da madara da gyaɗa da cakulan. Yana riƙe ciki, yana kawo ruwan nono, kuma ba gishiri a ciki. Ko za ku ɗanɗana?"

Na ce, "Malam, an dafa?"

"Ba a dafawa, Inna. Kwana yake yi a firij ya jiƙu."

Wallahi sai da na ji kaina ya sara. Ɗanyen hatsi, kwanan firij, a cikin mai jego! Ya ce ai fura ma da sanyi muke sha. Na ce fura an dafa ta, kuma ban taɓa ganin uwar da ta dama wa mai jego fura da ƙanƙara ba. Ya ce haka ne, Inna. Komai na faɗa sai ya ce haka ne, Inna, ya ci gaba da abin da yake yi. Da ya yi min musu ma da na fi samun sauƙi.

Da magariba na ga yadda ake haɗa abin. Ot ɗin wani hatsi ne fari da aka lallatse, ba ƙamshi ba ɗanɗano. Ya zuba rabin kofi a kwalba, ya bi shi da madara har ta rufe shi, ya ƙara cokali biyu na kindirmon kanti. Sai cokali ɗaya na garin cakulan, baƙi mai ɗaci, wanda ya ce a ƙasarsu ake noma 'ya'yan. Sai zuma kaɗan. Sannan ya buɗe wata kwalbar ya kwalfo cokali guda na wani abu, ƙamshin ya doke ni tun daga nesa. Gyaɗa ce! Soyayyar gyaɗa niƙaƙƙiya wadda ba a matse manta ba, irin wadda nake kwashewa a turmi kullum tun kafin a haife shi, ita ce aka sa a kwalba da takarda a jiki, ake lallaɓa ta da cokali. Ya rufe, ya girgiza, ya tura firij. Shi ke nan wai an gama girki. Na ce a raina, wannan ai kunun gyaɗa ne da aka yi wa wulaƙanci.

Na fara aikina. Ba murhu, ba tsakar gida, ba inda za a kafa tukunyar wanka. A kan gas na tafasa ruwa tukunya uku da ganyen runhu, na kai wani ɗan banɗaki mai tayil da ko juyawa ba a yi da kyau. Na yi mata wanka yadda uwata ta yi min. Kwana biyu ganye ya toshe magudana, ruwa ya cika banɗaki, ya bi ta ƙasa ya tsiyaya ɗakin matar da ke hawa na biyu. Ta hau da tsumma a hannu tana faɗa da Turanci, ina ba ta amsa da Hausa, babu mai jin wani. Da ta leƙa ta ga jariri sai ta sauke murya, ta koma ta dawo da sabulu da kwalin madara na barka. Mumuni ya kawo mai gyara, kuma ya roƙe ni, cikin ladabin nan nasa mai ƙona rai, a rage zafin ruwan.

A ranar ya ce min, "Inna, don Allah abu ɗaya. Likita ya hana ta gishiri, ya hana dunƙule. Ko a miya sai ɗan kaɗan. Ga magungunanta nan, safe da yamma."

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin, ko ƙwayar gishiri ban ƙara a abincinta ba. Amma kanwa ai ba gishiri ba ce. Haka na sani, haka kowace mace a unguwar nan ta sani. Gishiri na miya ne, kanwa magani ce.

Hutun haihuwar da ya ɗauka ya ƙare ya koma aiki. Yana fita sai in ɗora tukunya. Garin gero, citta, kanumfari, masoro, barkono, sannan in fasa kanwa in jiƙa, in tsiyaye ruwan a ciki har kunun ya yi kalar da nake so. Kofi babba da hantsi, kofi babba da la'asar kafin ya dawo, da zafinsa. Ranar farko Balki ta riƙe kofin ta dube ni.

"Inna, da kanwa?"

"Da me ake kunun jego? Shanye."

Ta shanye. Ban ce mata ta ɓoye wa mijinta ba, ita ma ba ta faɗa masa ba. Da safe ta ci na kwalba, da rana ta sha nawa.

Da aka yi kamar kwana goma na lura ƙafafunta sun ɗan tasa. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Sai tari. Sai ta daina kwanciya sosai, sai ta tara matasai ta jingina. In ta ɗauko yaro daga ɗaki zuwa falo sai ta zauna tana haki. Na ce, ga shi nan, abin da nake gudu! Sanyin firij ya shige ta. Na ƙara kanwa a kunu, na mai da shi sau uku. Da safe kuma na riga Mumuni shiga kicin, na ɗauko kwalbar na juye ta a kwandon shara, na wanke na kife.

Ya zo ya buɗe firij, ya duba, ya ga kwalba a kife. Ya juyo.

Na ce, "Ni na zubar. Malam, dubi ƙafar yarinyar nan. Ka kashe min 'ya da abincin sanyi, ina zaune ina kallo? Tun da na zo nake haɗiye magana. Daga yau ba za ta ƙara cin ɗanyen hatsi a gidan nan ba, sai in bayan raina."

Ban taɓa ɗaga murya a gaban suruki ba sai ranar. Bai ce min haka ne ba. Ya wuce ɗaki, ya durƙusa ya danna ƙafar, ya ɗauko na'urar awon jini ya ɗaura mata a hannu. Ya duba, ya sake ɗaurawa. Ya ce, "Inna, ku ɗauko Haruna, asibiti za mu." Sauka daga benen nan sai da ya ɗauke ta cak, don a hawa na biyu numfashinta ya fara sarƙewa.

Aka sa mata robar iska a hanci, aka yi hoton ƙirji. Likitar mace ce, ba ta jin Hausa, sai aka kira wata nas 'yar zango tana fassara min. Ta ce ruwa ya taru a jikin Balki har ya kai huhu, zuciyarta ta gaji. Ta tambayi Mumuni ko tana shan magani, ya ce ba fashi. Gishiri fa? Ya rantse babu. Ya lissafa duk abin da take ci, har da na kwalba. Na miƙe zaune, ina jira likita ta daka masa tsawa. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce wannan ba laifi. Ta juya wajen Balki ta ce, akwai wani abu kuma? Jiƙo, ko maganin gida?

Balki ta dube ni ta cikin robar nan, ta mai da kai. Ta girgiza kai, wai babu.

Ina riƙe da jariri ina kallonta. Yarinya tana neman numfashi, tana rufa min asiri. Na ce wa nas ɗin, "'Yata, ce mata akwai. Ina ba ta kunun kanwa, sau uku a rana."

Nas ɗin ta dafe ƙirji ta ce, "Kanwa, Mama? Ga mai hawan jini?" Ta juya ta yi wa likita bayani. Likitar ta ajiye biro ta dube ni, ba da faɗa ba, ta yi magana a hankali. Nas ta ce wai kanwa da gishiri dangi ɗaya ne, abin da ke cikin wannan shi ke cikin waccan, duk suna riƙe ruwa a jiki suna ɗora wa zuciya kaya. Wai ba za ta ce kanwar kaɗai ce ta jawo ba, zuciyar wasu matan takan raunana bayan haihuwa, amma abin da na yi kamar ƙara wa mai nishi buhu ne a ka.

Na ce, "Mu duk mun sha, ga mu."

Nas ɗin ba ta fassara wannan ba. Ita da kanta ta ce min, "Mama, waɗanda suka sha ba su tashi ba, ba sa nan balle su faɗa."

Na so in yi faɗa. Na duba ɗakin kaf ban ga wanda zan yi da shi ba. Mumuni yana tsaye jikin bango, ya san yanzu abin da ake yi a gidansa in ya fita, amma ko kallon banza bai yi min ba. Ya zo ya karɓi yaron ya ce in zauna, na gaji.

Kwana shida ta yi a asibiti. Shi yana can wajenta, ni ina gida da Haruna ina ba shi madarar da uwar ta tatso, kullum in kai shi ya gan ta. A rana ta biyu ta ce abincin asibiti ba ya shiga, na kwalba take so. Mumuni ya kira ni a waya yana in-ina, wai ko zan iya haɗawa, zai faɗa min yadda ake yi. Na ce ba sai ka faɗa ba, na gani. Na duba takardar jikin gyaɗarsu ta kanti ban iya karantawa ba, ban kuma yarda babu gishiri a ciki ba, sai na buɗe robata, wadda na san ba komai a cikinta sai gyaɗar Haɗeja. Rabin kofi na ot, madara, kindirmo, cakulan, zuma, gyaɗa. Na girgiza kwalbar kamar zan fasa ta. Da safe na kai, ta cinye tas har tana kankare gindin, ina zaune ina kallon bango. Falmata, na san za ki tambaya: e, na lasa. Ba daɗi ne babu ba. Haushi ne bai bar ni na ƙara ba.

Sauran kanwar na ba matar hawa na biyu, Mumuni ya ce suna sawa a wake.

Bayan an sallamo ta, wata rana da hantsi muna zaune mu biyu, ƙafa ta saɓe, numfashi ya dawo, na kasa riƙe abin da ke cina.

"Balki, kin san kanwar nan za ta cuce ki?"

Ta sunkuyar da kai. "An faɗa mana a awo, Inna."

"Kin sani! Kin sani kika karɓa kika sha, kwana goma sha? Ke da karatunki? Bakinki ciwo yake yi? Da kin mutu fa, in ce wa yaron nan me?"

Hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Inna, ban taɓa ce miki a'a ba. Ban san yadda ake yi ba."

Ku da kuke unguwar nan kun sha ji ina yabon kaina a gidan biki, ina cewa a cikin 'ya'yana Balki ce ba ta taɓa musa min ba, in na ce zauna ko a kan ƙaya ne za ta zauna. Kuna cewa na iya tarbiyya, ina jin daɗi. Ashe abin da na koya mata ke nan, ta sha abin da ta san zai kashe ta don kada raina ya ɓaci. Na ce, "To ki koya. Ce min a'a yanzu, in ji." Ta yi dariya cikin kuka, ta buɗe baki, ta kasa. Na ce ta sake. Ta rufe fuska da zanin goyo. Ranar har yamma ban yi mata magana ba.

Na zauna har arba'in. Wanka da ruwa mai ɗumi, kunun gyaɗa ba kanwa, farfesun ragowar tarwaɗa ba gishiri, da safe kuma kwalba. Ranar tafiya suka rako ni tasha. Mumuni ya tafi sa kayana a but, na karɓi Haruna na yi masa addu'a, na ji ba na son sakinsa. Na ce, "To, in Allah ya kai mu yaye, zan zo in ɗauki angona. A Haɗeja za a yaye shi, ya zauna wajena ya shiga makarantar allo, kamar yadda na riƙe 'ya'yan yayyenki."

Ba tambaya na yi ba, faɗa na yi, yadda na saba. Balki ta miƙo hannu ta karɓi ɗanta, ta gyara masa hula. Ba ta ɗago ta dube ni ba, muryarta ma da ƙyar na ji.

"A'a, Inna. A wajena zai zauna. Za mu dinga kawo miki shi."

Kwandasta yana ta kiran fasinja. Na tsaya ina kallonta, baki buɗe. Ni na ce ta koya, kuma ta koya, a kaina ta fara. Na hau mota, sai da muka fara tafiya na leƙo ta taga na ce ta dinga sa wa yaron safa.

Boda uku na tsallako ina fushi, na wuce Legas ina fushi, na shigo Haɗeja ina fushi. Ɗakin da na share wa yaron tun kafin a haife shi yana nan, na mai da buhunan gyaɗa ciki. Jiya ta kira ni, muryarta garau, tana dariya, Haruna yana gwaranci a kusa da wayar. Ta ce gyaɗar da na bar mata ta ƙare, ko zan aiko da wata. Na buɗe baki zan ce a'a, ita ma ta ji yadda ake ji. Ga ta can a kasko, Falmata, tashi ki juya min kada ta ƙone.